Babi na 7: Biyar da Shida

Duk wanda ya san Bwari ya san cewa da zarar an sallame la'asar, rana ta yi sanyi, kowane fili sai ya cika da yara da samari. Filayen makarantun firamare ne, da fulotan da masu su ba su kai ga ginawa ba, tun daga cikin gari har Ushafa da Dutsen Alhaji da Kubwa. A kafa duwatsu biyu a matsayin raga, manya biyu su tsaya su raba 'yan wasa. Yadda ake rabon ba ya canzawa. Mai gudu da iya yanka shi ake fara ɗauka, sai mai ƙarfin harbi, sai mai rarraba ƙwallo a tsakiya. In an zo ƙarshe a dubi ragowar, a ce da mai jiki a cikinsu, "Kai, je ka tsaya biyar." A ce da wani, "Kai kuma shida." Sau da yawa ko sunan juna ba su sani ba.

Ɗabi'ar ba ta tsaya a filin unguwa ba. Da dare a gidajen kallo, inda ɗalibin Makarantar Horar da Lauyoyi da ma'aikacin JAMB da ɗan acaɓa ke zama a benci ɗaya, gardamar kullum a kan wanda ya zura ce da wanda ya ɓarar. Ba a tuna ɗan baya sai ranar da ya yi kwaɓa. Masu raba kyauta ma haka suke. Dubi 'yan Najeriyar da hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta naɗa gwarzon shekara: Rashidi Yekini a 1993, Emmanuel Amuneke a 1994, Nwankwo Kanu a 1996 da 1999, Victor Ikpeba a 1997, Victor Osimhen a 2023, Ademola Lookman a 2024. Babu ɗan baya ko ɗaya. A Turai kuwa rabon mai tsaron baya da Ballon d'Or tun Fabio Cannavaro a 2006.

Wannan rashin adalci tsoho ne, kuma na bar wa masu raba kyauta kayansu. Abin da ya fi damuna shi ne, ko a ranar da muka ga dama muka yabi ɗan baya, shi kaɗai muke yabo, kamar yadda muke yi wa ɗan gaba. Mu ce wane dutse ne, wane ba a wuce shi. Alhali ɗan gaba yana iya karɓar ƙwallo a tsakiyar fili ya yanke mutum huɗu ya ci, babu hannun kowa. Lamba biyar ba shi da irin wannan gata. Duk takun da ya yi gaba ya bar wani wuri a bayansa, kuma kyan takun ko muninsa yana hannun wanda zai rufe wurin.

Ga yadda abin yake a fili. Golan can ya bugo doguwa, ƙwallo tana sama. Dole ɗaya cikin biyar da shida ya fita ya tare ta da ka, ɗayan ya ja baya ta gefensa, don in ta goge kan na farko ta wuce ya riga ɗan gaba isa gare ta. In duka biyun suka fita, an bar gola da Allah. In duka biyun suka tsaya kowa na jiran ɗan'uwansa, ɗan gaba ya sauke ta a ƙirji ya juya a tsanake. Lokacin shawara babu, kafin ka buɗe baki ta sauka. Haka batun satar gida. Layin na mutum huɗu ne, amma su biyun tsakiya ke riƙe da shi. Ɗaya ya matsa don a kama ɗan gaba, ɗayan ya makara da taku guda, shi ke nan tuta ba za ta tashi ba, kuma washegari za a zagi wanda kyamara ta fi nunawa. Yawancin ƙwallayen da muke ɗora wa mutum ɗaya, in ka sake kallo a natse, ta tsakanin mutum biyu suka bi.

Shi ya sa mai horarwa da ya san abin da yake yi ba ya neman mutum biyu iri ɗaya. Yana neman mai son karo, wanda ba ya tsoron sa kansa inda wasu ke tsoron sa ƙafa, sannan mai karanta wasa, wanda ke isa wuri kafin ƙwallo ta isa. Da José Mourinho ya zo Chelsea a 2004 ya tarar da John Terry, sai ya ɗauko Ricardo Carvalho daga Porto ya tsayar a gefensa. A wasa 38 na Firimiyar wannan kaka, ƙwallo 15 kacal ta shiga ragarsu. Rio Ferdinand ya fi shekara uku a Manchester United kafin Nemanja Vidić ya iso a Janairun 2006, kuma watannin farko na Vidić ba su yi armashi ba, har ana ganin kamar an yi asarar kuɗi. Sai da suka saba. A kakar 2008 zuwa 2009 ƙungiyar ta jera wasa 14 a gasar ba a zura mata ko ɗaya ba. Manoman Katsina da Kano masu huɗa da shanu sun san wannan karatu: bijimai biyu da suka koyi garma tare sun fi ƙattai biyu da aka haɗa jiya, kuma ranar da aka sauya ɗaya, kunya sai ta karkace ko da sabon ya fi tsohon ƙarfi.

'Yan Arsenal, waɗanda ba su da kaɗan a Bwari, ba sa bukatar dogon bayani. A Maris ɗin 2023 suna saman tebur William Saliba ya ji rauni a baya, aka bar Gabriel da wanda bai saba da shi ba. A Afrilu suka yi 2-2 da Liverpool, 2-2 da West Ham, 3-3 da Southampton, Manchester City ta ba su 4-1. Ƙwallo 11 a wasa huɗu, kofi ya tafi. Gabriel ɗin nan shi ne dai, ƙafafunsa ba su canza ba.

Misalin da na fi so namu ne, ko da yake a Turkiyya aka yi shi. Uche Okechukwu ya bar Najeriya zuwa Brøndby ta Denmark a 1990, a can ya zauna da wani ɗan ƙasar mai suna Jes Høgh. A 1993 Uche ya koma Fenerbahçe ta birnin Santambul. Bayan shekara biyu ƙungiyar ta sayo Høgh, ta sake haɗa su. A kakarsu ta farko tare, ƙarƙashin Carlos Alberto Parreira, Fenerbahçe ta ɗauki kofin gasar lig ta Turkiyya, wanda rabonta da shi tun 1989. Ranar 30 ga Oktoba 1996 suka je Old Trafford a Gasar Zakarun Turai. Shekara 40 ke nan babu baƙon da ya taɓa doke Manchester United a gidanta a gasar Turai. Eric Cantona yana fili. Aka tashi 1-0, Elvir Bolić ya ci. Littattafan tarihi sunan Bolić suka riƙe, mu kuma a nan Jay-Jay Okocha muke tunawa don yana cikin tawagar. Amma tambayi tsohon mai goyon bayan Fenerbahçe, zai ambaci Uche da Høgh a numfashi ɗaya. Uche ya yi kaka tara a ƙungiyar, har ya karɓi takardar zama ɗan Turkiyya da sunan Deniz Uygar. Ɗan Najeriya da ɗan Denmark, babu yare ɗaya na gado, babu tarbiyyar ƙwallo ɗaya. Shekaru ne kawai suka haɗa su.

Akwai wani wasa da ya fi namu fito da wannan magana fili, kuma kusan babu mai kallonsa a nan, don wasansa na ƙarshe, Super Bowl, da misalin sha biyu da rabi na dare agogon Najeriya ake fara shi, lokacin masu gidan kallo sun kashe janareta. Ina nufin zari-rugar Amurka. Muna da 'yar alaƙa da ita ba tare da mun lura ba: filin Foxboro, inda Roberto Baggio ya karya mana zuciya ranar 5 ga Yuli 1994, gidan ƙungiyar New England Patriots ne a lokacin, aro aka yi don Kofin Duniya.

A taƙaice, mutum 11 ne kowane ɓangare. Masu ƙwallo suna da dama huɗu su ci yadi 10, ko dai wani ya rungume ta ya ruga, ko madugunsu, mai jifa, ya wurga wa mai cafka. In sun ci yadi 10 a sake ba su dama huɗu, har su kai ta gidan abokan karawa su sami maki 6. Bayan kowane yunƙuri ana tsayawa a sake jeri, kuma kowane mutum an zana masa inda zai tsaya da wanda zai bi. Don haka idan aka yi ɓaraka ba a gardama, faifai zai nuna wanda ya bar wurinsa. A can bayan masu tsaro duka akwai mutum biyu, su ne shingen ƙarshe. Ɗaya mai gadin nesa ne, yana tsaye can ciki yana karanta idon mai jifa. Ɗayan mai gadin kusa, ya fi jiki, yakan matso ya tari mai ruga ko ya bi ƙaton mai cafka. Abu na farko da mai jifa ke dubawa kafin a miƙo masa ƙwallo shi ne inda waɗannan biyu suke: ɗaya ne a ciki ko biyu? Su kuma babban aikinsu su yaudare shi. Su nuna masa tsayuwa ɗaya, da an taɓa ƙwallo su juye zuwa wata. Yaudarar ba ta yiwuwa sai kowa ya tabbata ɗan'uwansa zai juya a daidai wannan ƙiftawar ido.

A 2010 ƙungiyar Seattle Seahawks ta ɗauki matasa biyu daga jami'a. Earl Thomas shi ne na 14 a zaɓen shekarar, gajere ne a ma'aunin wasan, mita 1.78, amma akwai gudu da hangen nesa. Kam Chancellor sai a zagaye na biyar aka waiwaye shi, bayan an ɗebi mutum sama da 130. Tsawonsa mita 1.91, nauyinsa ya haura kilo 100, kuma karonsa ba daɗi. Mai horarwa Pete Carroll ya gina tsaronsa kacokan a kansu. Tunda Thomas shi kaɗai yana iya rufe tsakiyar fili daga wannan gefe zuwa wancan, sai aka saki Chancellor ya matso gaba ya zama ƙarin mutum a inda ake gwabzawa. Tunda kuma Chancellor na nan yana jiran duk wanda ya ratso ta tsakiya, Thomas ba ya bukatar barin wurinsa don kashe ƙaramar wuta. Kowannensu ya sami 'yancin yin abin da ya fi iyawa saboda ɗayan ya ɗauke masa abin da bai iya ba. Shekara huɗu a jere, 2012 zuwa 2015, babu ƙungiyar da aka ci maki kaɗan kamar Seattle a gasar NFL mai ƙungiya 32.

Ranar 2 ga Fabrairu 2014 aka gwada su da mafi girman gwaji. Denver Broncos ta zo wasan ƙarshe da maki 606 a kakar, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, madugunta Peyton Manning. Tun a farkon wasa Chancellor ya yi wa Demaryius Thomas wani karo da ya maido shi baya, jim kaɗan kuma ya cafke jifan Manning. Sai da aka kai 36 da nema kafin Denver ta sami maki, aka tashi 43 da 8. Russell Okung, ɗan asalin Najeriya, yana cikin waɗanda suka ɗaga kofin a ranar.

Abin da ya biyo baya ya fi nasarar koyarwa. A 2015 Chancellor ya ƙi zuwa aiki saboda rigimar albashi, Seattle ta sha kashi a wasanni biyun farko. Ya dawo, suka ci Chicago 26 da nema. A Disambar 2016 su biyun suka tashi sama neman ƙwallo ɗaya, suka yi karo da juna, ƙafar Thomas ta karye. Mako na gaba Green Bay ta lallasa su 38 da 10, ko da yake don adalci nasu mai jifa ma ya miƙa wa abokan karawa ƙwallo sau 5 a ranar. Wanda duk aka cire a cikinsu, na fili sai ya ragu.

Labarin Pittsburgh Steelers kuwa zai taɓa duk gidan da ya san sikila. Tauraronsu Troy Polamalu ne, mai dogon gashi, wanda ke barin wurinsa ya bi abin da zuciyarsa ta raya masa, ya faɗa inda ba a zata ba. Abin da ya sa wannan ganganci bai zama asara ba shi ne Ryan Clark, abokin tsayuwarsa, mai lura da inda Polamalu ya nufa ya toshe ramin da ya bari. Tare suka ɗauki kofi a Fabrairun 2009. To Clark yana ɗauke da ƙwayar sikila, irin waɗanda muke ce wa AS. A 2007 ya buga wasa a Denver, birnin da ke kan tudu kimanin mita 1,600 sama da teku, inda iska ba ta da kauri. Ciwo ya kama shi har sai da aka cire masa saifa da matsarmama. Da ƙaddara ta sake kai su Denver a wasan sili-ɗaya-ƙwale ranar 8 ga Janairu 2012, mai horarwa Mike Tomlin ya hana shi buga wasan, kuma ya yi daidai, rai ya fi kofi. A kakar babu wanda ya fi Pittsburgh hana jifa. Mai jifan Denver, Tim Tebow, an san hannunsa ba shi da saiti. Amma ranar, jifa 10 kawai ya haɗa ya ci yadi 316. A yunƙurin farko na ƙarin lokaci masu gadin baya suka matso gaba, ciki ya zama wayam, jifa ɗaya ta yadi 80 ta gama wasan, 29 da 23. Ba zan rantse cewa da Clark yana nan da an tsira ba. Sai dai Polamalu yana fili a ranar, da lafiyarsa da sunansa, bai kuwa hana ba.

Wani abin lura shi ne irin wannan haɗi ba lallai ya yi tsada ba. A 2017 Buffalo Bills ta ɗauko Micah Hyde daga Green Bay da Jordan Poyer daga Cleveland, mutanen da ƙungiyoyinsu ba su damu da tafiyarsu ba. A shekarar ta kai wasannin share fagen kofi karon farko cikin shekara 17, a 2021 tsaronta ya zo na ɗaya, su biyun kuma suka yi kaka bakwai tare.

Wasan yana matsowa kusa da mu fiye da yadda muke zato. Christian Okoye, haifaffen Inugu, shi ya fi kowa cin yadi da gudu a NFL a 1989. Oshiomogho Atogwe, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, mai gadin nesa ne a St. Louis Rams, ya cafke jifa 8 a 2007. Osi Umenyiora, mai kofi biyu da New York Giants, ya daɗe yana farautar matasa a nan gida, kuma a 2024 NFL ta yi sansanin gwaji a Legas. Akwai kuma nau'in da ba a karo, mutum biyar-biyar, sai dai a fizge ƙyalle daga ƙugun mai ƙwallo. Za a buga shi a gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028, kuma a 2025 a Alƙahira Najeriya ta ɗauki kofin Afirka na maza da na mata.

Mu dawo gida. Sau uku Najeriya ta ɗauki Kofin Nahiyar Afirka, 1980 da 1994 da 2013. A Tunisiya a 1994, kowa na tuna ƙwallayen Yekini da biyun da Amuneke ya ci Zambiya a wasan ƙarshe. Kyaftin Stephen Keshi yana fama da rauni, Uche biyu ne suka riƙe tsakiyar baya, Okechukwu da Okafor, kuma ƙwallo 3 aka ci Najeriya a wasa biyar.

Keshi, da yake shi ma gurbin ya buga, bai manta ba. Da ya kai tawaga Afirka ta Kudu a 2013 a matsayin mai horarwa yana da Joseph Yobo, kyaftin, mai fiye da shekara goma a Turai. Bayan wasan farko da Burkina Faso, wanda aka farke mana ana dab da tashi, sai ya tsayar da Godfrey Oboabona na Sunshine Stars ta Akure, ɗan shekara 22 da ke buga gasar gida, da Kenneth Omeruo, ɗan shekara 19 da Chelsea ta ba da aro a Holan. Yobo ya samu matsalar rauni, amma ko da ya warware Keshi bai raba yaran ba. Surutu babu irin wanda ba a yi ba, musamman da aka ce Kodebuwa za a haɗu da ita a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, ga Didier Drogba, ga Yaya Touré, ga Gervinho, ga Salomon Kalou. Aka ci su 2-1, Drogba bai ga raga ba. Ranar 10 ga Fabrairu a Johannesburg, a wasan ƙarshe, Sunday Mba ya ci ɗaya tilo, Yobo ya shigo a mintunan ƙarshe ya ɗaga kofi. Ƙwallo 4 aka ci Najeriya a wasa shida. Waɗannan yara ba su yi shekaru tare kamar Uche da Høgh ba, makonni ne. Abin da Keshi ya yi shi ne ya ga sun dace, ya rufe kunnensa, ya bar su wasa biyar a jere, ga Vincent Enyeama a bayansu yana ta magana, ga Mikel Obi a gabansu. A ganina wannan shawara ta fi kowace ƙwallo da aka ci a gasar nauyi.

Mai horarwa Gernot Rohr ya yi irinta da Leon Balogun da William Troost-Ekong, 'ya'yan Najeriya haifaffun Jamus da Holan, waɗanda suka tsaya a ranar da aka ba Kamaru 4-0 a Uyo a Satumbar 2017, a hanyar zuwa Kofin Duniya na Rasha.

Mai gardama zai ce, to Atlanta fa? Gaskiya ne. A gasar Olamfik ta 1996 Uche Okechukwu da Taribo West ne a baya, Brazil ta ci mu uku, Ajantina ta ci biyu, muka ɗauki zinare don mun fi su ci. Kuma su biyun nan ne dai a Kofin Duniya na Faransa ranar 28 ga Yuni 1998 da Denmark ta ba mu 4-1, Tijjani Babangida ya ci ta share hawaye, Høgh kuwa yana can ɗaya ɓangaren yana kallon abokin tsayuwarsa na Fenerbahçe cikin wahala. Amma dubi abin da ke kewaye da su a ranar: mai horarwa Bora Milutinović watanni kaɗan ya yi da tawagar, Mutiu Adepoju ɗan tsakiya ne aka mayar lamba biyu, sauran kuma hankalinsu na kan Brazil da za a haɗu da ita a zagaye na gaba. Biyar da shida ba laya ba ce. In an bar su tsirara, ruwa zai ci su. Ba kuma dole sai biyu ba. A Kofin Nahiyar Afirka na Kodebuwa a farkon 2024 mai horarwa José Peseiro ya tsayar da uku, Troost-Ekong da Semi Ajayi da Calvin Bassey, aka jera wasa huɗu ba a ci Najeriya ba, har aka zaɓi Troost-Ekong gwarzon gasar duk da an rasa kofin. Lissafin ya canza, sharaɗin bai canza ba: wa zai fita, wa zai rufe, kuma sun san juna?

A nan ne gasarmu ta gida ke cutar kanta. Yawancin ƙungiyoyin na gwamnatocin jihohi ne. Kwantiragi sau da yawa na kaka ɗaya ne, albashi na makara, mai horarwa ana ba shi wa'adin wasa uku, in an kore shi sabo ya zo da nasa yaran. Ƙarshen kaka a sallami mutum goma sha, a ɗebo wasu goma sha. Ɗan gaba yana iya sauka a tasha ranar Alhamis ya ci ƙwallo ranar Lahadi. 'Yan baya ba sa haka, sai a kai tsakiyar kaka suna koyon muryar juna, kafin su gama sabawa an raba su. Kano Pillars ta ɗauki kofi a 2008, ta fitar da Al Ahly ta Masar a 2009 har ta kai wasan kusa da ƙarshe a Gasar Zakarun Afirka, sannan ta jera uku a 2012 da 2013 da 2014. Lokacin ana iya lissafa 'yan wasan Sai Masu Gida da ka, don fuskokin ba sa yawan canzawa. Duk da haka, tsayar da mai goyon baya a Sabon Gari ka ce ya tuna maka wannan zamani, Rabi'u Ali zai fara kira, sai Gambo Muhammad. Ka ce wa da wa ke biyar da shida, sai ya ɗan yi shiru.

Gyaran ba ya cin kuɗi mai yawa. Shugaban ƙungiyar da ya dace da mutum biyu da suka fahimci juna ya ba su kwantiragi mai tsawo a rana ɗaya, in zai sayar ya san rabin ɗayan ya sayar. Kocin unguwa ya daina raba su a atisaye don wai a daidaita ƙarfi, ya bar su gefe ɗaya kullum, ya haɗa mai tsalle da mai gudu, in da hali mai ƙafar hagu da mai ta dama, kuma ya tilasta musu magana, don yaranmu da yawa suna ganin kiran "bar min" ko "fita" rashin kunya ne ga wanda ya girme su. Gasar cin kofin shugaban ƙaramar hukuma ko ta wani ɗan siyasa, inda ake hayo ɗan baya daga Suleja ko Zuba ranar wasa a tsayar da shi kusa da wanda bai taɓa gani ba, kuɗin hayar asara ce.

Kai kuma mai karatu, talabijin ba za ta nuna maka wannan ba, don kyamara ƙwallo take bi. Ranar da ake wasa a filin wasa na garin Bwari, je ka zauna ta bayan raga, ka ɗauke idonka daga ƙwallo na minti goma. Dubi tazarar da ke tsakanin mutum biyun nan lokacin da ƙungiyarsu ke kai hari can gaba, ka ga ko tana buɗewa ko tana nan daram, ka saurara ka ji wa ke magana. Wanda ke tsaye a gabansu yana share musu hanya, lamba huɗu, shi ne batun babi na gaba.